Ɗan gida biyu: jagorar rajista ga sabon ɗalibin digirin haɗin gwiwa

Da zarar an fara sakin sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, shagunan kwamfuta na Funtuwa da Malumfashi sai su cika da samari da 'yan mata daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kowa rungume da ledar takardunsa. Yawancinsu Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suka nema, ko ta Tarayya da ke Dutsinma, ko ABU Zariya, ko Bayero ta Kano. Gurbi kuwa bai taɓa isar masu nema ba. Cikin waɗanda ba su dace ba, wasu kan koma gida su jira baɗi, wasu kuma su bi ta wata ƙofa da ba kowa ya fahimce ta ba, wato digirin haɗin gwiwa. Za ka zauna a kwalejin ilimi, malaman kwalejin su koyar da kai, amma takardar da za ka fita da ita tambarin jami'a ne a kanta. A jiharmu ta Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ta daɗe tana wannan haɗi da Jami'ar Bayero, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma kuma da ABU.

Ƙofa ce mai kyau, kuma iyaye da yawa sun fi samun natsuwa da ita, musamman tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, abin da ya sa kowane uba yake son ɗansa a inda zai iya jin motsinsa. Sai dai wanda ya shiga ta nan ya zama ɗan gida biyu. Kwaleji ce ke ganin fuskarka kullum. Jami'a kuwa a takarda kawai ta san ka, amma majalisar malamanta ce za ta amince da sakamakonka kafin a ce ka gama. Bayan su akwai na uku, JAMB, wadda ba ka zama a gidanta amma tana riƙe da littafin duk wanda ya shiga babbar makaranta a ƙasar nan. To aikinka a makonnin rajista shi ne ka tabbatar sunanka ya shiga littattafan nan uku, iri ɗaya, harafi da harafi. Biyan kuɗi da bin layi da ɗaukar hoto duk hidimar wannan suke yi.

Tun kana gida za ka fara. Shimfiɗa tabarma, ka baje takardunka gaba ɗaya: katin NIN, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, takardar JAMB, shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu, shaidar ƙaramar hukuma wadda muke kira indijin, takardar firamare, da shaidar kammala sakandare. Idan da NCE ko difloma za ka shiga aji biyu kai tsaye, haɗa da nata sakamakon. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba abu uku: rubutun suna, jerin suna, da ranar haihuwa.

A nan mu Hausawa muke da ciwon da ya fi na kowa. Mutum ɗaya ne, amma a firamare an rubuta masa Muhammadu, a sakandare Mohammed, mai ɗaukar NIN kuma ya ga dama ya sa Muhammad. Hedimasta ya liƙa masa sunan gari a ƙarshe saboda masu irin sunansa sun kai biyar a aji, shi kuma da ya girma ya cire ya sa na kakansa. Ranar haihuwa kuwa, rabin ƙauye 1 ga Janairu aka haife su a katin NIN, alhali WAEC tana riƙe da wata rana dabam. Da can ana wucewa da irin wannan. Tun 2021 da JAMB ta wajabta NIN, bayananta daga can take ɗebowa, kuma ranar da za ka nemi bautar ƙasa za a sake jera takardun nan a gwada su. Na taɓa tsayawa a bayan wani yaro a teburin tantancewa, malamin ya aza rula a kan takardu biyu yana bin haruffa da bakin biro. Yaron ya ce, "Malam, ai duk ni ne." Malamin bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ni na yarda kai ne, ɗana. Kwamfuta ce ba ta yarda ba." Idan ka ga saɓani, kada ka ce sai an tambaya. Ka je ofishin hukumar katin ɗan ƙasa ko ofishin JAMB na Katsina ka tambayi hanyar gyara tun yanzu, domin gyaran yana cin makonni, wani lokaci watanni. Rantsuwar kotu da shela a jarida suna taimakawa a kwaleji, amma ba su canza abin da ke cikin kwamfutar wata hukuma ba sai ka je can an canza.

Mataki na gaba shi ne karɓar gurbin a JAMB. Tun 2017 hukumar take tafiyar da bayar da gurbi ta manhajarta mai suna CAPS, kuma ta sha nanata cewa duk gurbin da aka bayar a wajenta ba halastacce ba ne. Ganin sunanka a allon sanarwar kwaleji bai wadatar ba. Shiga shafinka na JAMB, ka duba cewa sakamakonka na sakandare yana ciki, don idan da "ana jiran sakamako" ka yi rajista, sai ka je cibiyar jarrabawar kwamfuta da JAMB ta amince da ita an ɗora maka. Ana neman kiredit biyar da suka dace da fanninka, har da Ingilishi, da lissafi a fannonin da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu. Sannan ka karanta abin da aka ba ka da kyau kafin ka danna amincewa. Sunan kwalejin zai fito tare da sunan jami'ar da take haɗe da ita, kuma fannin zai nuna digiri ne. Idan ka ga NCE kaɗai aka rubuta alhali kai digiri ka je yi, tsaya nan, ka koma ofishin bayar da gurbi. Akwai kuma wani abu da ya kamata ka sani: dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri na kansu tare da NCE. Saboda haka ka buɗe baki ka tambaya, wannan gurbi nawa takardar wa zai ba ni a ƙarshe? Bayan ka amince, buga takardar gurbin ta JAMB mai launi, kwafi biyu ko uku.

Wanda ya biyo ta makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa ya yi jarrabawar IJMB, shi ma kada ya ɗauka sakamakon kaɗai zai kai shi aji biyu. Sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB kamar mai NCE.

Bari in daɗe kaɗan a kan shagon kwamfuta, domin a nan ake binne matsalar da za ta tsiro bayan shekara huɗu. Ɗan yayata ya je wani shago lokacin rajistarsa, layi har bakin titi, janareto na ruri, mai shagon yana cika wa mutum uku fom a lokaci guda. Da aka zo gurbin lambar waya da adireshin imel, bai tambayi yaron ba, ya zuba nasa, ya rubuta kalmar sirri a bayan wani tsohon rasit ya miƙa masa. Rasit ɗin ya bi wanki. Bayan shekara biyu aka buƙaci ya shiga shafinsa, muka koma muka tarar shagon ya zama wurin sayar da taliya da man gyaɗa, mai shi ya yi ƙaura. Sai da muka yi zuwa uku Katsina kafin a warware. Saboda haka layin waya ya zama naka, wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinka, kuma kada ka bari ya mutu har ka gama bautar ƙasa. Imel ya zama naka. Kalmar sirri ka rubuta ta a cikin littafin da ba ya fita daga akwati. Idan mai shago yana cika maka fom, tsaya a kansa kana karanta allon, ka hana shi danna turawa sai ka karanta daga sama har ƙasa. Zai ɓata rai, masu layi za su yi tsaki. Ka daure, minti biyar ne.

Sai biyan kuɗi. Yawanci kashi biyu ne: kuɗin amincewa da gurbi, sannan kuɗin rajista bayan an tantance ka. Makarantun gwamnatin tarayya ta Remita suke karɓa tun da aka koma asusun bai ɗaya a 2015. Za ka fitar da lambar biya mai alƙaluma 12, wadda ake kira RRR, daga shafin makarantar da kanka, da sunanka, ka biya a banki ko ta waya. Makarantun jiha na iya amfani da wata hanyar, amma ƙa'idar ɗaya ce: lambar biya daga shafin makaranta take fitowa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin cikin asusunsa zai ƙarasa maka, ko da ɗan garinku ne, ko da yana sanye da katin ma'aikaci, ka ba shi haƙuri. Ka kuma lura cewa kwalejin da ke da NCE da digiri tana da jadawalin kuɗi biyu, wani lokaci ma shafi biyu. Wanda ya biya a na NCE da kuskure, kuɗinsa sun shiga, amma dawo da su wani karatun ne. Bayan biya, koma shafin ka tabbatar ya nuna an biya, ka buga rasit, ka kai ofishin kuɗi idan ana buga hatimi.

Na ce ka buga, kuma zan sake cewa ka buga. Mutanen yankinmu ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ga saƙo. Abin da ke cikin waya kaɗai ba ajiya ba ne. Kowace takarda ka yi mata fotokofi biyar, ka sayi fayil uku ko huɗu, ka ɗauki hoton fasfo dozin guda masu bango iri ɗaya. Fayil ɗaya ka bar shi a gida wurin Inna, cikin akwatin da take ajiye takardun gona.

Ranar tantancewa ka tafi da takardun asali, ka nuna, ka karɓo abinka. Ka yi sammako, don layin ƙarfe bakwai da na ƙarfe goma sha ɗaya ba ɗaya ba ne. Za a bi da kai ofis-ofis: rajistara, sashen da ke kula da shirin digiri, tsangaya, sashenku, asibitin makaranta don gwajin lafiya, laburare, da ofishin harkokin ɗalibai. Kowanne yana da gurbin sa hannu a takarda guda, kuma wanda ka tsallake zai jira ka har ranar karɓar sakamako. Ka gaida mutane. "Ranka ya daɗe" da "Hajiya, ina kwana" ba su taɓa rage wa kowa komai ba, kuma masinjan da ka raina shi ya san ƙarfe nawa shugaban sashe yake shigowa. Idan mahaifi ne ya rako 'yarsa, ya bar ta ta yi magana da bakinta a gaban teburi, tunda gobe ba ya nan.

Bayan tantancewa za a ba ka lambar ɗalibi. Tambayi ofishin shirin digiri ko wannan lamba ita ce jami'a ta san ka da ita, ko akwai wata da za ta zo daga can, da kuma lokacin da ake aika sunayen sababbin ɗalibai.

Yanzu sai rajistar kwasa-kwasai, wadda ita ce zuciyar al'amarin, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kowane kwas yana da lamba da nauyi. Nauyin nan, ɗaya ko biyu ko uku, yana nuna awa nawa ake koyar da shi a mako da kuma ƙarfinsa a sakamakonka. A ƙa'idar hukumar jami'o'i ta ƙasa, ɗalibi yana ɗaukar nauyi tsakanin 15 da 24 a zango. Akwai kwasa-kwasan dole, akwai na zaɓi, akwai na gama-gari da kowa ke yi, irin su GST 111 na sarrafa Ingilishi da GST 112 na al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, ga kuma na fannin koyarwa tunda digirin ilimi kake yi. Manhajar ta jami'a ce, kwaleji aiwatarwa take yi. Kuma an sabunta manhajar jami'o'in ƙasar nan a ƙarshen 2022, lambobi da sunayen kwasa-kwasai da yawa sun canza, don haka kwafar fom ɗin yayanka da ya gama shekara uku da suka wuce hanyar ɓata ce. Je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, ka karɓi jerin bana daga hannunsa. Mai NCE da ya shiga aji biyu ya ƙara tambaya ko akwai kwasa-kwasan aji ɗaya da aka wajabta masa, don sau da yawa akwai, kuma sai a shekarar ƙarshe ake tuna masa.

Ga dalilin da ya sa nauyi yake da muhimmanci. A ma'aunin maki biyar, A daga 70 take farawa kuma tana da maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 maki 1, ƙasa da haka F ce, babu komai. Ana ninka makin da nauyin kwas, a tara, a raba da jimlar nauyi. Ɗauki ɗalibai biyu, kowanne ya sami A ɗaya da C ɗaya. Na farko ya ci A a kwas mai nauyi uku, C a mai nauyi ɗaya: 15 da 3, wato 18, a raba huɗu, 4.5. Na biyu ya ci A a mai nauyi ɗaya, C a mai uku: 5 da 9, wato 14, a raba huɗu, 3.5. Haruffansu iri ɗaya ne, amma na farko yana bakin digiri mai daraja ta ɗaya, wadda take farawa daga 4.50, na biyu kuwa da ƙyar ya taka matakin sama na daraja ta biyu, wanda yake farawa daga 3.50. Ka san kwasa-kwasanka masu nauyi tun makon farko, ka ba su mafi kyawun lokacinka.

Abu biyu ne ke kayar da sababbi a nan. Kwas ɗin da ka shiga ajinsa, ka rubuta jarrabawarsa, amma ba ka yi masa rajista ba, sakamakonsa ba zai shiga lissafi ba. Wanda kuma ka yi wa rajista ka ƙi zuwa, F za a rubuta maka, ka ɗauko kariyoba a banza. Akwai 'yan makonni da ake bayarwa na ƙari da ragi, ka yi gyaranka a cikinsu. Ka buga fom ɗin, kodineta ya sa hannu, shugaban sashe ya sa, ka miƙa kwafin da ake buƙata, ka riƙe naka. A digirin haɗin gwiwa wannan takarda mai sa hannu ta fi daraja fiye da ko'ina, domin sakamakonka tafiya yake yi daga wannan gari zuwa wancan, kuma ranar da wani kwas ya ɓace a hanya ita ce shaidarka.

Makon wayar da kan sababbin ɗalibai kuwa, da yawa suna ɗaukarsa hutu, su ce bari su leƙa gida su taya girbi. Ni dai ina ganin asara ce. Gaskiya ne wasu jawaban suna sa gyangyaɗi. Amma a nan ne kaɗai za ka ga rajistara da shugaban laburare da likitan makaranta da shugaban tsaro a zaure ɗaya, kuma an ba ka izinin tambaya. A nan za a gaya maka cewa sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ka cancanci jarrabawa, cewa gwaji da aikin gida suna ɗauke da maki 30 ko 40, da kuma hukuncin shiga jarrabawa da waya ko 'yar takarda, wanda yakan kai ga kora. Karɓi littafin dokokin ɗalibai ka karanta. Idan aka ba da damar tambaya, ga waɗanda suka shafe ka kai ɗan haɗin gwiwa: yaushe ake fita koyarwar gwaji, kuma ana iya tura mutum makarantar garinsu? Wa ke tura sunaye bautar ƙasa? Shirin nan na cikakken lokaci ne? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin masu karatun hutu da na ƙarshen mako takardar cirewa ake ba su, ba sa zuwa sansani, haka wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama takardar yafewa zai karɓa.

A makon ne kuma za ka ji batun tallafi. Hukumar tallafin karatu ta Jihar Katsina tana neman indijin da shaidar rajista. Asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda ya buɗe a Mayun 2024, ba ya ɗora ruwa, kuma yana neman lambar JAMB da NIN da BVN ta banki da lambar ɗalibi. Makaranta ce ke tura masa bayanan ɗalibanta, don haka ka tambayi ofishin harkokin ɗalibai ko sunanka ya tafi. Ka ga a nan ma saɓanin harafi ɗaya tsakanin banki da NIN ya isa ya tsayar da kai. Nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku, su suka san ɗaki mai araha da direba mai amana.

Masauki, idan akwai gado a cikin makaranta ka kama shi ko da ya matse, musamman mata. In babu, a nemi ɗaki a tsakiyar unguwa cikin mutane, a guji gidajen bakin gari komai arharsu. Tafiya kuma da rana, ko ta 'Yantumaki za ka bi zuwa Dutsinma ko ta Marabar Ƙanƙara, ka ji ta bakin direbobin tasha kafin ka hau, kada ka bari rufe rajista ya tilasta maka tafiyar yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai bikin rantsarwa, ranar riga da hula da hotuna. Ka sha hotonka, amma kada ka bar wurin sai ka sa hannu a takardar rantsuwa ko rajistar da aka tanada, don da ita ka zama ɗalibi a hukumance. Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. JAMB tana da jerin ɗaliban da ta tabbatar sun shiga makaranta, kuma da shi hukumar bautar ƙasa take gwada sunayen da aka tura mata. Ana duba shi a shafin JAMB da lambar rajista da shekarar jarrabawa. Kafin ka gama aji ɗaya, ƙanena, ka shiga ka duba. Idan ka ga sunanka da sunan kwalejinka da fanninka daidai, buga shafin ka kai wa Inna ta sa a akwati. Idan ba ka gani ba, gobe da safe ka ɗauki fayil ɗinka ka nufi ofishin shirin digiri.